An haɗa ni ɗaki da mabiyin addinin Buda a Malesiya, in canza ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Malesiya, an haɗa ni ɗaki da wani yaro mabiyin addinin Buda. Tun da na faɗa a gida hankalin Hajiyarmu ya tashi, yayana kuma ya turo min hoton limamansu masu jan mayafi tsaye kan tulin gawarwaki, wai gawarwakin Musulmin ƙasar Bama (Myanmar) ne da suka kashe. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. In nemi canjin ɗaki?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Malesiya mabiya Buda ne, ranar bikinsu na Wesak ma hutu ce a ƙasar, kuma tare suke cin kasuwa da Musulmi tun kafin a haife ka.

Hoton nan kuwa na san shi, na gaji da ganinsa. Ba a Bama aka ɗauke shi ba. Girgizar ƙasa ce aka yi a Yushu ta ƙasar Sin a Afrilun 2010, mutum sama da 2,000 suka mutu, limaman Buda ƴan Tibet ɗin da kake gani aikin agaji suka fito, suna tattara gawarwakin mutanensu. Akwai ma wani na ƙonannun gawarwaki da ake yawan haɗawa da shi, wannan tankar mai ce ta fashe a Kwango a 2010. Amma duk shekara sai wani ya tono su ya rubuta "a tura don Allah", mutane kuma su yi ta turawa suna ganin lada suke samu, alhali aya ta 6 a Suratul Hujurati ta ce a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Ina binciken yake?

Kar ka ɗauka ina wanke kowa ne. Zaluncin da aka yi wa Musulmin Rohingya na Bama gaskiya ne, dokar 1982 ta raba su da zama ƴan ƙasa, daga Agustan 2017 sojojin Bama suka kori sama da 700,000 zuwa Bangladesh, limaman Buda irin su Wirathu da ƙungiyarsu ta 969 kuma sun hura wutar ƙiyayya, shi ya sa Gambiya ta maka Bama a kotun duniya a 2019. To mai wannan hujjar me zai yi da hoton ƙarya? Abin da ke ƙona min rai kenan, duk hoton bogi da aka kama, makami ne aka miƙa wa masu cewa ba a yi kisan ba. Kuma wutar ba ta zaɓe, a Ramu ta Bangladesh a 2012 hoto ɗaya a Facebook ya sa aka ƙona wuraren ibadar mabiya Buda da gidajensu. A rikicin garin Meiktila na Bama a 2013 kuwa, akwai limaman Buda da suka ɓoye Musulmi a gidan ibadarsu.

Shi kuwa abokin ɗakin naka, aƙidarku ba ɗaya ba ce, kar ka rusuna wa gunkinsa, kar ka zage shi. Ka faɗa masa lokutan sallarka, ku raba tukunya in yana cin alade. Ka kira Hajiya ka yi mata bayanin hoton, yayan naka kuma ka ce ya goge shi.