Tambaya da Amsa: Ina zan ajiye babbar manhaja a Linux?

Tambaya: Malam, ina koyar da yara kwamfuta a Unguwar Rogo, Jos. Na sauko da Android Studio, manhajar ƙera manhajojin Android, a kan Ubuntu (wani nau'in Linux), sai na ga babban kundi ne guda. Ina ya kamata in zuba shi don kowa ya samu?

Amsa: Ɗan'uwa, kai shi /opt. Ƙa'idar FHS, mai tsara inda kowane irin fayil ke zama a Linux, wadda bugunta na 3.0 ya fito a 2015, ta ware wurin nan don manhajar da ke zuwa da kayanta duka a ƙunshe. Google Chrome ma a /opt/google/chrome yake sauka. Kowace manhaja da ɗakinta, kamar gidan haya: ran da ta tashi, ka share ɗakin kawai.

Shi kuwa /usr/local, na fi barinsa ga abin da ka harhaɗa da hannunka, domin a can fayiloli kan watsu cikin bin, lib da share, cire su daga baya sai an sha wuya. Amma kada ka taɓa /usr/bin. Hurumin apt ne, manhajar da ke girkawa da sabunta manhajoji a Ubuntu, sabuntawa ɗaya tana iya danne maka aikinka ba sallama.

Bayan ka kwafa shi zuwa /opt da sudo (umarnin da ke ba ka ikon mai kula da kwamfutar), yi mahaɗi da ln -s daga studio.sh, fayil ɗin da ke kunna manhajar, zuwa /usr/local/bin, sai ɗalibanka su kira shi daga ko'ina. Ka fara duba sarari da df -h tukuna, don na san irin kwamfutocin gwanjon da ake samu a kasuwar Terminus, rumbunsu bai cika girma ba. Shi SDK kuma, wato kayan aikin da Android Studio ke saukowa da su daban, kowane ɗalibi a kundin gidansa yake sauka, sai ka lissafa da wannan.