Rimot ɗaya na juya na'ura biyu, mai gyara ya ce sai an buɗe

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi hom tiyata na haɗa da talabijin da dikoda a falo. Tun daga ranar, in na danna rimot ɗin dikoda zan canja tasha sai ƙarar sifika ta hau, ko ta ɗauke gaba ɗaya. In na kashe talabijin kuma sai hom tiyatar ta bi shi ta mutu. Mai gyaran unguwarmu ya ce IC, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke kan allon cikin na'urar, ne ya taɓu, in kawo ya buɗe ya canja. Hankalina a tashe yake, don ko wata biyu ba ta yi ba, kuma ban gama biyan kuɗinta ba. Daga mai karatu a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, kuma kada ka kai ta ko'ina. Na'urar da kullum take yin abu iri ɗaya idan an danna madanni iri ɗaya, lafiyarta ƙalau. Saƙon wani take amsawa.

Matsala biyu ce ta haɗu maka. Ta farko karon lamba. Yawancin rimot masu araha suna aika saƙonsu da hasken da ido ba ya gani, a kan kilohaz 38, da wani tsarin lambobi da ake kira NEC, wanda a asalinsa adireshi 256 kacal gare shi, wato lambobin da kowace na'ura ke gane nata saƙon da su, kuma ƙananan kamfanoni da yawa ba sa damuwa su zaɓi nasu na daban. Kamar ka tsaya a babbar kasuwar Gombe ka ƙwala kiran Muhammadu ne, ka ga mutum nawa za su waiwayo. Gwajin ba ya cin ko sisi: ka rufe idon hom tiyatar da kwali, wato ɗan gilashin nan mai duhu da ke gabanta, ka danna rimot ɗin dikoda. In ƙarar sifika ba ta canja ba, ka kama ɓarawon. Sai ka raba dikodar da hom tiyatar, ɗaya a saman kanta ɗaya a ƙasa, ko ka naɗa baƙin tef na wayar wuta ya zama ɗan bututu a kan idon, yadda sai ka saita ta kai tsaye za ta ji.

Ta biyun ba ta rimot ba ce, ta wayar HDMI ce. Akwai tsarin CEC da ke sa talabijin ya umarci abin da aka jona masa. Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Shiga saitin talabijin ka kashe CEC ɗin, magana ta ƙare.

Yanzu bari in zo kan mai gyaran nan, don abin ya ishe ni. Kusan kullum sai an kawo mini na'ura shago an riga an yi mata aika-aika da sunan "IC ya taɓu". Ka juya allon ka tarar da dalma an ɗiga ta kamar kashin tsuntsu, an guntule ƙafafun idon rimot da filaya, wai an yi maganin matsalar. To lallai an yi, tunda yanzu ko nata rimot ɗin ba ta ji! Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne in sami fis an ɗaure shi da zaren waya. Fis fa an sa shi ne don ya tsinke kafin gida ya kama, ga wutarmu kuwa yadda take zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke. Wane ne zai kwana da wannan a falo, yara na barci a ɗaki?

Kuma kai ma kada zuciya ta ɗebe ka ka ɗauki sukudireba. Wutar gida volt 230 ce, amma babban kafasitan da ke sashen wuta yana tara sama da volt 300, kuma yana iya riƙe ta bayan ka zare fulogi. Mutane na ɗauka da an cire daga soket shi ke nan. Ba haka ba ne. Sannan da zarar an yage takardar hatimin da ke kan sukurori, mai shagon da ya sayar maka ya sami hujjar cewa ba ruwansa. Ka biya kuɗin gyaran da ba a buƙata, ka rasa garanti, ka ci gaba da biyan bashi.

Masu gyara 'yan'uwana, mu ji tsoron Allah. In ba ka gano ciwo ba, ka ce ba ka gano ba. Karɓar kuɗin mutum a kan IC ɗin da ba ka ko auna ba cin haram ne, ko da sau biyar kake sahun gaba.

Masu cewa rimot ɗin maƙwabci ne kuwa, wannan hasken ba ya ratsa bango. Abin da kan rikita shi shi ne rana in ta haska idon kai tsaye, ko wasu ƙwayayen fitila masu tsimin wuta in suna kusa.

In ka yi gwajin kwalin ƙarar ta ci gaba da hawa da kanta ba wanda ya taɓa komai, cire batirin duk rimot ɗin gidan, don madanni kan maƙale. In har yanzu tana yi, ɗauki rasit ɗinka ka mayar da ita inda ka saya, a rufe yadda take.