Kwana uku a Kano da yara biyu, amsa ga ɗan uwanmu na Bamingham

Wani ɗan uwa ya turo min saƙo daga Bamingham ta Ingila, na ce bari in amsa masa a nan kowa ya gani tunda na san ba shi kaɗai ke da irin wannan lissafin a kai ba. Ƙaninsa ne zai yi aure ƙarshen watan Oktoba, ɗaurin aure ranar Asabar ƙarfe 11 a cikin gari, wurin aiki sun ba shi Juma'a da Litinin kawai, wato ya sauka Juma'a ya juya Litinin. Zai zo da yaransa biyu, mai shekara 11 da mai 8, can aka haife su, fasfon Ingila ne a hannunsu kuma ba su taɓa taka Kano ba. Shi kuma fasfonsa na Najeriya ne, yana da takardar zama ta dindindin a can. Yana so yaran su ga Dala da Kurmi da gidan sarki da gidan zoo da Tiga, har ya ce in da hali a leƙa Daura a ga rijiyar Kusugu. Ya zai tsara, wace mota zai shiga, me takardu ke buƙata.

To malam, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Amma Daura dai cire ta tun yanzu, Tiga ma haka. Daura kusan awa biyu ce zuwa biyu dawowa, kai kuma in ka zauna ka ƙirga da kyau ba kwana uku ne da kai ba, safiya ɗaya ce, ta Lahadi. Zan zo kan wannan, bari mu fara da takarda don ita ce ke hana mutum shiga jirgi tun daga can.

Yaran nan a dokar Najeriya 'yan ƙasa ne tunda ubansu ɗan ƙasa ne, sashe na 25 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba su wannan, kuma riƙe fasfon Ingila bai ƙwace musu komai ba. Sai dai jami'in shige da fice ba asalinka yake dubawa ba, littafin da ke hannunka yake dubawa, in ja ne ko shuɗi na Ingila to sai da biza. Da can mutane na dogara da bizar da ake bugawa a filin jirgi in an sauka, to daga 1 ga Mayun 2025 an koma tsarin biza ta intanet, ka cike tun kana gida a turo maka ta imel ka buga a takarda ka riƙe, akwai kuma katin sauka da na fita da su ma a intanet ake cikewa. Kar ka bari sai saura kwana uku. Hanya ta biyu ita ce a yi musu koren fasfo, wannan ita ce ta dindindin kuma ita na fi so maka, amma sai an yi musu lambar NIN tukunna sannan a kai su ofishin jakadanci a Landan a ɗauki hoto da yatsu, abu ne mai cin lokaci, don haka wannan zuwan ka yi da biza, in kun koma ka fara bin na fasfon a tsanake. Tunda mamansu ba za ta zo ba, ta rubuta 'yar takarda ta sa hannu cewa da saninta ka fita da su, ka haɗa da kwafin takardar haihuwarsu, ba lallai a tambaya ba amma ranar da aka tambaya ba ka da ita za ka ji jiki.

Naka ɓangaren kuma komawar ce abin dubawa. Katin nan na izinin zama a Ingila da ake kira BRP ya ƙare aiki tun 31 ga Disambar 2024, yanzu izinin zamanka yana cikin akawun ɗinka na intanet na UKVI ne, wato hukumar biza da shige da fice ta Ingila, kuma kamfanin jirgi da lambar fasfonka yake gano shi. In ka sabunta fasfo bayan ka buɗe akawun ɗin ba ka shiga ka saka sabuwar lambar ba, sai ka ga kana tsaye a kanta a Kano ana ta danne-danne layi ya taru a bayanka. Shiga yau ka duba. Sai allurar shawara, a yi wa yaran a ba ku katin, kuma sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Maganin rigakafin maleriya ma ka je wurin likita ya rubuta muku, har da kai, don wannan maganar ta ai ni ɗan gida ne sauro ya san ni ba ta aiki ga wanda ya shekara goma sha a waje, ƙarshen Oktoba kuma damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Litinin ɗin da za ku dawo in makaranta ta koma ka sanar da su a rubuce, tarar fam 80 ɗin nan da ake cin iyaye in yaro ya yi fashin makaranta galibi sai fashi ya kai kwana 5 ake maganarta, amma gara su ji daga bakinka.

Jirgi kuma shawarata ka nemi wanda zai sauke ka a filin jirgin Malam Aminu Kano kai tsaye a tikiti ɗaya, ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, ko da ya ɗan fi tsada. In ka sauka Abuja ka yanki na cikin gida daban, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya a sama amma ɗage lokaci ba abin mamaki ba ne, ni kaina na taɓa wuni cur a filin jirgi ana ce mana nan da awa ɗaya nan da awa ɗaya har aka yi isha'i, in da a ce ina da wani jirgin da zan kama a gaba da shi kenan an yi asarar tikiti, don babu ruwan wancan kamfanin da wannan. Mai kwana uku ba shi da wunin da zai bayar sadaka.

Yanzu mota. Kar ka ce za ka tuƙa da kanka, hannunka ya saba da hagu, nan dama ce, kuma tuƙin Kano ba a littafi ake koyonsa ba, ga 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci ga masu adaidaita da ke shigo maka ta inda ba ka zata. Kar kuma ka dogara da motar gida, ranar biki motar gida ta kowa ce, za a ɗauke ta kai abinci a ɗauke ta ɗauko gwaggo ka fito da yara ka tarar babu. Ka sa wani ƙaninka ya samo maka direba sananne da mota mai sanyi ku yi shata ta kwana ukun gaba ɗaya, a gama ciniki tun kafin ka taso, a faɗi wa ke zuba mai, shi zai ɗauko ku a filin jirgi shi zai mayar da ku. Manhajojin kiran mota irin su Bolt suna nan don ko-ta-kwana, amma sai da layin waya mai aiki, layin Najeriya kuma ba ya tashi sai da NIN, to a ajiye maka na wani a gida. Acaba dai babu ita a ƙwaryar birni tun Janairun 2013 da aka hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Adaidaita sahu ita ce motar gari, kuma lallai ka sa yaran a ciki ko sau ɗaya ne, wallahi za su fi tuna ta a kan rabin abin da za ka nuna musu, amma ku ɗauki shatarta kar a cusa muku wasu, kuma ban da dare, tun a Yulin 2022 aka sa dokar hana su aiki daga 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka kar ka ɗora dawowa daga dina a kanta.

Ga dalilin da ya sa na ce safiya ɗaya ce da kai. Juma'a ka sauka a gajiye, ga masallaci, titunan cikin gari daga sha biyu zuwa wajen uku ba sa motsi, sannan ga babban aikin da ba ka sa a lissafinka ba ko kaɗan wato gaisuwa. Mutumin da ya yi shekaru bai zo ba akwai ta'aziyyar da ake binsa bashi, akwai kawu da gwaggo da ba za su zo inda kake ba kai za ka je, kuma in aka ji ka hau Dala da 'ya'yanka kana ɗaukar hoto ba ka je gidan wance ba, maganar nan za ta fi auren daɗewa a dangi. Ka kira Hajiya tun yanzu ku zauna a waya ku fitar da gida uku ko huɗu da ba makawa, a yi su Juma'a bayan la'asar, sauran kuma za a haɗu a wajen biki. Ka koya wa yaran durƙusawa da ina wuni da lafiya lau, ko iya nan suka tsaya ka fita kunya.

Asabar kuma duba kalanda, in ita ce ta ƙarshen wata to ranar tsaftar muhalli ce, ba a zirga-zirga daga 7 zuwa 10 na safe, ana sakin hanya kowa zai fito lokaci guda kai kuma ɗaurin aure 11. In masaukinka na Nassarawa ne ko wajen Bompai gara ka kwana kusa da gida ranar Juma'a da daddare. Bayan ɗaurin aure wunin ba naka ba ne, kar ma ka sa rai.

To Lahadi ce taka, kuma sa'ar da ka ci ita ce abubuwan da suka cancanci gani duk a jere suke a cikin badala, hanya ma ta fi sauƙi ran Lahadi. Ku fito bayan asuba kafin rana ta yi zafi ku fara da Dala, akwai matakala, yaro mai shekara 8 zai hau ba matsala in an bi a hankali da ruwa a hannu. Daga sama za su ga Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da garin gaba ɗaya a shimfiɗe, nan ne wurin ba su labarin Barbushe da Tsumburbura da yadda garin ya faro daga gindin dutsen nan, da ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce. Ka je da wani ɗan unguwa, yaran wurin za su biyo ku, ba komai ba ne, riƙe 'yan canji.

Kuna saukowa sai Jakara a ci gurasa, bandashe da ƙuli da mai da albasa, a rage musu yaji. Kurmi na nan kusa, mota ba ta shiga, a ajiye ta a waje a taka. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lunguna ne ƙanana da mutum zai iya ɓata a ciki, ka riƙe hannun ƙaramin. Ku nufi wajen dukawa da masu kayan doki da masu ƙwarya da tasoshi, tsarabar da za su kai wa 'yan ajinsu a nan take, kuma kai ka yi shiru ka bar ƙaninka ya yi ciniki don ana jin Turancin yaran farashi zai tashi.

Daga nan sai Gidan Makama, wanda in da za a ce in zaɓi wuri ɗaya tak shi zan zaɓa. Ginin ƙasa ne na zamanin Rumfa da aka mai da shi gidan tarihi, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa a 1903, ga soraye da dakali da irin rufin da yaran ba su taɓa gani ba. A tura wani tun Juma'a ya yi magana da ma'aikatan a tsayar muku da mai zagayawa da ku. Gidan Rumfa na kallonsa, ku tsaya ta Ƙofar Kudu su ga fada daga waje, kar a ɗaga waya ana ɗaukar dogarai ko jami'an tsaro sai an nemi izini. In suna son ganin hawa, wannan sai da Sallah, a Disambar 2024 ma UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, ka ajiye musu shi a matsayin dalilin dawowa.

Ku rufe da karofin Ƙofar Mata, wanda ake lissafin kafuwarsa daga 1498. Ramuka ne a ƙasa da ake jiƙa baba da toka a tsoma zane a ɗaga ya sha iska a sake tsomawa, yaro ya ga ƙyalle ya fito kore-kore yana komawa shuɗi a idonsa, daga gefe kuma ga mabuga suna dukan shadda. In ka ɗan ba marinan wani abu za su bar su su tsoma da hannunsu. Zuwa azahar kun gama, a koma gida a huta. Gidan zoo ban hana ba in da sauran ƙarfi da yamma, amma yaron da ya je na Ingila ba abin da zai burge shi a nan, gara a kai su gidan kaka su zauna da 'yan uwansu a tsakar gida. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, ofishin gwamnati ne yanzu, in jirginku na yamma ne ku biya Litinin da safe tunda ba nisa da hanyar filin jirgi.

Kuɗi kuma ka zo da fam a hannu a canza maka a Wapa ta hannun wanda ka sani, katinka na can kar ka sa rai da shi a kasuwa, nan transfa ce da POS da tsabar kuɗi. Atamfa da shadda a Kwari ka ba wata ƙanwarka kuɗi da hotuna ta sayo maka tun kafin ka zo, shiga Kwari da yara biyu rabin wuni ne. Kilishin Agadasawa kuma ku ci iya cinku a nan, dokar Ingila ta hana shiga da nama da kayan madara daga irin ƙasashenmu, in aka buɗe jaka za a karɓe, man shanun da Hajiya za ta dage sai ta sa maka ma haka, ka lallaɓa ta ta musanya da kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa. Ran Litinin ka kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi, ka faɗa wa 'yan rakiya jirgin zai tashi awa ɗaya kafin ainihin lokacinsa don sallamar gidanmu ka san yadda take.