Sif ɗin kwali ba ya tsayuwa da ƙafarsa: amsa ga wata uwa a Manchester

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wata takwas ke nan da zuwana Manchester. Na samu gidan haya a hawa na biyu, babu lif, kuma wayam yake, ko kujera babu. Maigidana da ɗanmu mai shekara biyu za su iso ƙarshen wata. Ina so in yi odar gado da sif da durowar kaya daga kamfanin kayan ɗaki na IKEA, irin masu zuwa cikin kwali a harhaɗa. Abin da ke hana ni barci shi ne aikina na kwana ne, kada su kawo ba na nan su jibge a ƙofa a kwashe, kuɗina ya bi ruwa. Sannan wani mai mota da aka haɗa ni da shi ya ce zai ɗauko ya haɗa mini a rabin kuɗi, kuma wai ba sai an huda bango ba tunda kayan na da nauyi, hudar ma sai ta sa mai gida ya cinye kuɗin ajiyata. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya kawo su lafiya. Kin aiko da damuwa biyu, kin ɗora ƙaramar a sama, babbar kuma kin sako ta a ƙarshe kamar ba komai ba. Bari in sallami ƙaramar da wuri.

A dokar sayayya ta Ingila ta 2015, kaya suna wuyan mai sayarwa har sai sun shigo hannunki ko hannun wanda kika ambata ya karɓar miki. In direba ya jibge su a ƙofa da ra'ayin kansa aka kwashe, asarar kamfani ce. Amma ranar da kika rubuta da hannunki cewa a bar su wurin maƙwabci ko a bayan ƙofa, to kin sauke musu nauyi kin ɗora wa kanki. Haka in ke kika nemo mai motarki ya je ya ɗauko: daga lokacin da kwalayen suka hau motarsa, duk abin da ya karye tsakaninki da shi ne. Rabin kuɗin da ya yi miki tayi, wannan kariyar ce kika sayar.

Don haka ki zaɓi ranar da kike hutu, ba washegarin aikin kwana ba, domin wanda ya sauko daga kwana ko ganga ake kaɗawa a kansa ba ya jin ƙararrawa. Kafin ki biya, ki karanta da kyau ko kawowar ta tsaya a ƙofar gini ce ko har cikin ɗaki, ki kuma faɗa musu hawa na biyu ne babu lif. Kwalin sif ya fi mita biyu tsawo, ba abin da za ki ɗauka ke kaɗai ba ne a matakala mai kwana. In sun zo, kada ki sa hannu sai kin ƙirga. Sif ɗaya yakan zo a kwali uku ko huɗu, ƙofofi daban, jiki daban, maɗaurai daban. Kwalin da kusurwarsa ta lotse, ki ɗauki hotonsa direba na tsaye. Abin da kika saya ta intanet kina da kwana 14 daga ranar karɓa ki ce kin fasa, in kuma da lahani ya zo kina da kwana 30 ki mayar a ba ki kuɗinki. Ki adana rasit.

Awo kuma, ki yi shi kafin oda. Sif ɗinsu da ake kira PAX tsawo biyu gare shi, santimita 201 da 236. Dogon nan in aka haɗa shi a kwance za a tayar, kusurwarsa na bukatar kusan 243, alhali rufin gidaje da yawa a nan 240 ne. Na sha tarar da mutum ya gama ɗaure komai, ya zo tayarwa sif ya cije a silin. Katifa ma ki kula: ta mutum biyu a ma'aunin Ingila 135 ce a 190, ta ma'aunin Turai 140 a 200. Gado daga nan, katifa daga can, sai ki kwana da rami a gefe.

To, yanzu ga maganar da ta sa na ajiye aikina na zauna rubutu.

Wannan mai motar da ya ce miki kayan na da nauyi ba za su faɗi ba, ban san shi ba, amma na san maganarsa, domin kusan kullum sai na ji ta, kuma mafi yawa daga bakin mutanenmu. Na san inda ta samo asali. Mun taso da sif ɗin da kafinta ya yi wa amarya da katako na gaske, bayansa katako, ƙasansa katako, sai ƙarti huɗu sun taru kafin ya motsa, an kuma girke shi a kan daɓen siminti. Wannan hoton ne a kanmu. Abin da ke zuwa cikin kwali wata halitta ce daban. Garin katako ne aka matse da gam, yana da nauyi ƙwarai, amma ki tambayi kanki ina nauyin yake. Bayansa wani falle ne da bai fi kaurin kwali ba, da ƙananan ƙusoshi ake manna shi. Nauyin duk yana gaba, a ƙofofi da madubi da fuskokin aljihuna. Abu ne dogo, siriri, mai rinjaye ta fuska tun kafin a sa masa komai.

Ki ɗauki durowa mai aljihu shida, tsawonta ya haura mita ɗaya, zurfinta bai kai rabin mita ba. Ki cika aljihunan da kaya. Ki jawo uku na sama waje. Nauyin da ke zaune a kan ƙafafunta ya fito ya rataya a iska. Yanzu ki kawo yaro mai kilo 12 da ya hango rimot ko kwalbar turare a sama. Ba zai kira ki ba. Zai jawo aljihun ƙasa ya taka, ya jawo na biyu ya kama, ya mayar da durowar tsani. Nauyin nan da aka ce miki shi ne kariya, shi ne zai sauko a ƙirjinsa.

Gidajen nan kuma sun ƙara wa abin muni ta hanyar da ba a lura. Yawancin ɗakunan kwana kafet ne, kuma a gindin bango akwai wani siririn katako mai ƙusoshi da ke riƙe kafet ɗin. Ƙafafun baya sukan hau kansa, na gaba su nutse a laushi, sai kayan su ɗan sunkuya gaba. Ga katakon gindin bango da ke hana su jingina sosai. Ki gwada da kanki ranar da aka haɗa: buɗe aljihu biyu, ki ɗora tafin hannu a bakin na sama ki danna kaɗan. Za ki ji bayan ya ɗaga. Duk uwar da na sa ta yi wannan gwajin, ba ta ƙara yi mini gardamar huda bango ba.

Kada ki ce ai za ki ji ƙara ki ruga. Kafet na shanye ƙara, jikin yaron ma na shanyewa, kuma wanda aka danne wa ƙirji ba ya iya kuka. Da yawa daga cikin yaran da abin ya rutsa da su, an kwantar da su barci ne aka ja ƙofa, iyaye na falo suna zaton lafiya.

Ba tatsuniya nake miki ba. A watan Yunin 2016 IKEA ta janye durowa miliyan 29 daga kasuwar Amurka, da wasu miliyoyi a Kanada, bayan samfurin MALM ya faɗo wa yara ƙanana sun rasu. A ƙarshen shekarar ta amince ta biya iyalai uku dala miliyan 50. A 2017 wani yaro ɗan shekara biyu ya sake rasuwa a Kalifoniya, aka biya iyayensa dala miliyan 46 a farkon 2020. Sa'an ɗanki ne. Abin bai tsaya kan kamfani ɗaya ba, shi ya sa Amurka ta kafa doka a ƙarshen 2022 wadda ta tilasta a gwada irin waɗannan kaya a yanayin kafet, aljihuna cike kuma a buɗe, da nauyin yaro mai kusan kilo 27. Ƙasa guda ta zauna ta yi doka a kan abu, kamfanin da ya ƙera ya zana hoton gargaɗi a takardar haɗawa ya sako ƙarfen ɗaurewa a cikin leda, sannan wani mai sukudireba ɗaya a aljihu ya ce ba komai. Ledar nan ita ce abin da na fi tsinta a kwandon shara in an kira ni gyaran aikin irinsu. Ba don mugunta suke jefarwa ba. Huda bango na cin minti ashirin, yana bukatar injin huda da sanin irin bangon, su kuwa sauri suke su tafi gida na gaba.

Wani kuma in ka matsa masa sai ya ce Allah ne ke tsarewa. Haka ne, babu mai tsarewa sai Shi. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Mu da muke kulle mota mu duba sau biyu, mu sa wa waya lambar sirri, sai a kan ran yaro ne za mu tuna da ƙaddara? Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin yadda ƙashin ƙirjin ɗan shekara biyu yake.

Saura batun kuɗin ajiya, wanda shi ne sandar da ake tsorata baƙi da ita. A Ingila, tun dokar 2019, abin da mai gida zai riƙe a irin hayarki bai wuce kuɗin hayar mako biyar ba, kuma wajibi ne ya sa shi a ƙarƙashin tsarin kariya da hukuma ta amince da shi cikin kwana 30. Ba shi da ikon cinye shi don ya ga dama. In kun saɓa ranar tashi, akwai masu raba gardama kyauta, kuma abin da za a cire shi ne daidai ɓarnar da aka yi. Ɓarnar a nan rami biyu ne da bai fi kaurin fensir ba, wanda ake toshewa da abin cike rami na fam kaɗan a shafa fenti. Duk da haka ki duba takardar hayarki, yawanci tana cewa a nemi izini. Ki tura wa mai gidan ko ejansa imel, layi uku: akwai yaro ƙarami, za ki ɗaure sif da durowa a bango kamar yadda kamfanin ya umarta, za ki toshe ramukan in za ki tashi. Ki ajiye amsar. A shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya na ga wanda ya ƙi a rubuce, don ba mai son sunansa a kan takardar da ta hana a tsare yaro. Ejan dai zai iya jan ƙafa mako biyu kafin ya amsa, wannan halinsu ne. In sun yi shiru har kayan suka iso, durowar ta zauna cikin kwalinta a kwance, ku ci gaba da zama da akwati.

Wanda zai yi miki aikin, ko na kamfanin ne ko wani, ki yi masa tambaya ɗaya kafin ku yi ciniki: wane irin bango ne a ɗakin, kuma da me zai ɗaure? In ya ce duk ɗaya ne, ki sallame shi. Ƙwanƙwasa bangon da kanki. In ya yi ƙaran ganga, allon filasta ne a kan sanduna, sai a nemi sandar a ɗaura sukurun a jikinta, ko a sa maɗaurin ƙarfe mai buɗewa ta baya. Robar da ake cusawa a jan bulo, in aka sa ta a irin wannan bango, da hannu ma za ki zare ta. Sau da yawa sukurun bango ba ya cikin kwalin, saboda kamfanin bai san bangonki ba, sai an saya daban. Kuma kada a huda saitin soket ko makunnin wuta, sama ko gefe, nan wayoyi ke bi.

In ya gama, kada ki biya tukuna. Ki jawo aljihunan duka, ki kama saman durowar da hannu biyu ki ja da ƙarfinki. Haka sif, ƙofofi a buɗe. Talabijin kuma kada ta hau kan durowa ko da an ɗaure, a kafa ta a bango ita ma. Duk wannan a gama shi kafin ranar da za ki je tarbarsu a filin jirgi, don yaron da ya kwana a zaune cikin jirgi, da ya shigo ɗaki hawa zai fara.