Dalilin da Ya Sa Rabon Abinci da Kati Ya Daɗe a Ingila Bayan Yaƙi

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Ingila ta ci gaba da raba abinci da kati alhali Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare tun 1945. Rashin kuɗi ne. Ƙasar na shigo da abinci mai yawa daga waje, yaƙin kuma ya bar ta da tulin bashi. A watan Agustan 1945 Amurka ta tsayar da kayan da take ba ta aro, ga kuma ciyar da mutanen yankin Jamus da Ingila ta mamaye ya rataya a wuyanta. Shi ya sa burodi, wanda ba a taɓa rabawa da kati ba duk tsawon yaƙin, aka sa shi cikin rabo daga Yulin 1946 zuwa 1948. Nama ne na ƙarshe da aka cire daga rabo, sai ranar 4 ga Yuli 1954.

Ni hatsi nake sayarwa, kuma a ganina sun yi daidai. Duk shekarar da hatsi ya yi ƙaranci, mai kuɗi kan kwashe buhu-buhu ya kulle a sito, uwar marayu ta koma gida da kwano babu komai. A can kowa na da littafinsa na rabo da mahaucin da ya yi rajista da shi, attajiri da talaka awo ɗaya. Sun gwada sakin alewa a 1949, mutane suka wawushe kantuna, cikin wata huɗu aka maido da katin, ba a sake cire shi ba sai Fabrairun 1953.