Gidan Tururuwa A Cikin Kwalba

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye kusa da Ringim. Na cika kwalba da ƙasa, na zuba tururuwa don yara su ga yadda suke haƙa rami. Kwana uku duk suka mutu, ramin ma ba mu gani ba. Ina kuskuren?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Kwalba ɗaya ba ta isa. Nemi biyu, ƙarama da babba irin ta Bama. Rufe ƙaramar, ka ajiye ta a tsakiyar babbar, sannan ka zuba ƙasa a ratar da ke tsakaninsu, faɗin yatsa ɗaya. Dole su yi rami jikin gilashi inda ido zai gani. Ƙasar jigawa zalla tana rushewa, ka gauraya ta da ɗan laka, ka yayyafa ruwa ta yi danshi kawai.

Ka ɗebo su daga rami guda. Na ramuka biyu in suka haɗu, faɗa ne har mutuwa. Ina zargin zafi ne ya kashe naka, ko an bar kwalbar a bakin taga? Naɗe ta da baƙin ƙyalle, a ajiye a inuwa, a rufe bakin da tsumma mai shan iska. Abinci: tsabar gero kaɗan, da auduga jiƙe da ruwan sukari.

Ba sarauniya, wato uwar tururuwa mai saka ƙwai, ba haihuwa, sai su ƙare a hankali. Bayan ruwan farko ake samunta tana yawo a ƙasa ta zubar da fukafukai. Cinnaka kuwa, kar yara su taɓa.