Amsar da Yaya ya turo ta murya kan fitilun da ke kashe Arduino

Assalamu alaikum jama'ar guruf. To ƙanwata, na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce Arduino Uno ɗinki, wato ƙaramin allon kwamfutar da ke sarrafa fitilunki, yana mutuwa ya sake tashi duk lokacin da fitilun suka kama, wai ko ki sayi Mega, wato babban yayansa. Kada ki sayi komai tukuna. Allon nan lafiyarsa ƙalau, yunwar wuta ce ke damunsa.

Ki ɗauki biro. Igiyar fitilu ta WS2812B kika ce ko? Ƙwai 60. Kowane ƙwai idan ya ba da fari tas yana jan kusan miliamfiya 60, don ja da kore da shuɗi ne a cikinsa, kowanne 20. To 60 sau 60, amfiya 3 ke nan... a'a tsaya, 3.6 ne. Ita kuwa kafar USB ta kwamfutarki, irin ta 2.0, miliamfiya 500 take bayarwa. Kin ga ai kin ɗora wa jaki kayan raƙumi. Da fitilun sun ja, bolt 5 ɗin nan ya zube, allon ya suma ya farfaɗo. Mega ma haka zai yi miki, wallahi.

Ki nemo adafta mai bolt 5, amfiya 4 ko 5, ki kai wutarta kai tsaye jikin igiyar, kada ta bi ta cikin Arduino. Amma ki haɗa negatif ɗin adaftar da GND na allon, wato nasa negatif ɗin, in ba haka ba za ki ga launuka suna hauka. Kafasita mai 1000 maikrofarad a bakin igiyar, rezisto kamar 330 ko 470 a wayar data. Shi ke nan fa.

Abin nan ina jin zafinsa ne don ya same mu. Shekararmu ta ƙarshe, mu huɗu, mun yi wani allon katako, in ka matso da hannu fitilu su bi ka, ganga ta tashi a lasifika. Wata uku muna kansa. Ni na sayo adafta da kuɗin aljihuna, na liƙa mata farar takarda na rubuta kada a taɓa. Daren da za mu kare aikin wani ɗan rukuninmu ya cire ta ya ba abokinsa, ya maƙala mana cajar waya. Cajar waya fa! Da safe malamai uku suna zaune, na miƙa hannu, ƙwai goman farko suka yi fari, na can ƙarshe suka koma ja-ja kamar garwashi, lasifikar ta yi ƙyat, komai ya ɗauke. Sau uku. Wani malami ya ce kod ɗinmu ne bai yi ba, alhali kod ɗin nan na kwana nawa a kansa. Shi kuwa mutumin yana tsaye a gefena bai ce uffan ba, har yau bai ba ni haƙuri ba, kuma mun haɗu a ɗaurin aure bara, ya miƙo min hannu kamar... to a bar wannan.

Ina muke? Sauti. Kin ambaci DFPlayer Mini, ɗan abin nan da ke kunna sauti daga katin memori. Ki sa rezisto 1k a ƙafarsa ta RX, wadda ke karɓar umarni daga Uno, yana rage wannan zuzun da ake ji. Katin memorin ki goge shi a FAT32, sunayen fayil ki yi su da lamba, 0001, 0002. Wani abu kuma da ba a faɗa wa mutum: lokacin da Uno ke tura wa fitilun launi, ba ya sauraron kowa, to in kina amfani da SoftwareSerial, kod ɗin da ke sa Uno ya yi magana da DFPlayer, saƙon da DFPlayer ke maidowa zai iya ɓata. Ki tura umarnin sauti tukuna, sannan fitilu.

Shi kuma HC-SR04 mai auna nisan mutum, a takarda yana gani daga santimita 2 zuwa mita 4, amma sauti yake harbawa ya jira amsa-kuwwa, kuma tufafi masu laushi suna shanye shi. Ki gwada da hijabi da babbar riga, ba bango kawai ba, don su ne za su tsaya a gabansa ranar nuna aikin. Kuma a kod ɗinki ki rabu da delay mai tsayar da komai a jira, ki koyi millis mai ƙirga lokaci ba tare da tsayawa ba, in ba haka ba mutum zai ɗaga hannu ya sauke kafin fitila ta motsa.

Na ce kada ki sayi Mega ko? To sai dai in za ki ƙara ƙwai ɗaruruwa, don Uno kilobait 2 ne ƙwaƙwalwarsa, kowane ƙwai yana cin bait 3. A 60 dai ba ki da matsala.

Ki ɗauko min hoton haɗin wayoyin da rubutun da ke bayan adaftar da kike da ita, zan duba bayan la'asar in sha Allah.